Amsa: Yadda za a kafa zauren malamai don gyara koyarwa a jami'a

Dakta, kin tambayi yadda za ki haɗa 'yan uwanki malamai su riƙa zama kan koyarwarsu ba tare da abin ya watse bayan zama biyu ba. Bari in faɗa miki abin da na gani a namu zauren.

Tsarin ya daɗe. Milton Cox ne ya fara shi a Jami'ar Miami da ke jihar Ohio ta Amurka a 1979: malamai kamar 8 zuwa 12 daga sassa daban-daban, suna haɗuwa a kai a kai har shekarar karatu ta ƙare. Kada ki raina wannan adadi. Da kun kai 30, lacca ce ta dawo, mutum uku ke magana, saura suna latsa waya.

Shugaban sashe ko na tsangaya kada ya jagoranci zaman. Ƙaramin malami ba zai taɓa cewa "rabin ajina sun faɗi" a gaban wanda zai cike masa fom ɗin ƙarin girma ba. Ku nemi albarkarsu da ɗakin zama, hakan ya isa.

Abin da ya riƙe mu shi ne mun hana zuwa hannu rabbana. Mun ɗauki matsala guda, manyan azuzuwan 'yan aji ɗaya inda ɗaruruwan ɗalibai ke cunkushe, kowa ya zaɓi abu ɗaya da zai canza, ya kuma dawo da takardun ɗalibansa mu duba tare. Wani malamin kimiyya ya gwada hanyar Eric Mazur, malami a Jami'ar Harvard ta Amurka: ka jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya juya ga na kusa da shi su yi gardama na minti biyu, a sake zaɓa. Ba ta buƙatar majigi, ko an ɗauke wuta za a yi. Wata malama kuma kafin a tashi sai ta sa kowa ya rubuta abin da bai gane ba a 'yar takarda, babu suna. Da ta zube takardun a gabanmu, malamin harshe ne ya lura cewa yaran sun san darasin, Turancin tambayar ne ke kayar da su. 'Yan sashenta sun yi shekaru ba su ga haka ba, shi ya sa nake nacewa a gauraya sassa.

In kina neman batun farawa, ga CCMAS, manhajar karatun jami'o'i da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta ƙaddamar a 2022, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Akwai aikin yi a nan.

Za a ce miki babu lokaci, kuma gaskiya ne, tunda wallafa ake ƙirgawa wajen ƙarin girma. To ku rubuta abin da kuka gwada da sakamakonsa ya zama maƙala, ku kai taron ƙara wa juna sani. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na tallafa wa irin wannan tafiya. Ku tsayar da ranakun zama tun kafin zango ya fara, duk mako uku, ku kauce wa lokacin makin jarrabawa.