Filin Amsa Tambayoyi: Yadda Sunan Manomin Ingila Ya Koma Sunan Mugu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin harshen Ingilishi, kuma na ji wani malaminmu yana cewa kalmar "villain", wadda ake kiran mugun cikin fim da ita, asalinta sunan manomi ne. Ina neman ƙarin bayani, sannan ina so in san ko Turawan Ingila na wancan zamani sun ajiye bayi, da irin sunayen da suke kiran su da su. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Malaminku ya faɗi gaskiya. Tushen kalmar shi ne "villa" ta Latin, wato gandun attajiri a karkara, kuma wanda yake zaune a gandun yana noma shi ake ce wa "villanus". Ta hanyar Faransanci ta shiga Ingila, bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci ƙasar da yaƙi a 1066. Shekara ashirin bayan haka, a 1086, sarkin ya sa aka yi ƙidayar filaye da dukiya da mazaunansu a kundin da ake kira Domesday, kuma a cikinsa waɗannan manoma su ne rukuni mafi yawa, wajen huɗu cikin kowane goma na waɗanda aka rubuta. A lokacin kalmar ba zagi ba ce, ma'anarta kawai mutumin ƙauye mai gonarsa da shanun hudarsa.

Masana shari'a na ƙarni na 12 da na 13 su ne suka ɗaure ta da rashin 'yanci. A wajensu "villein", kamar yadda masana tarihi suke rubuta ta, mutum ne da ba ya barin gandun ubangidansa sai da izini, yana yi masa aikin gona kwanaki sanannu a kowane mako, ba ya iya kai ƙarar ubangidan kotun sarki, in zai aurar da 'yarsa sai ya biya wani kuɗi da ake kira "merchet", in kuma ya mutu ubangidan ya ɗauki mafi kyawun dabbarsa, abin da suke ce wa "heriot". Da yake alƙalami yana hannun masu gandu da mawaƙansu, duk wata ɗabi'a da suka ƙyamata, rowa ce ko rashin kunya ko ha'inci, sai suka ce halin baƙauye ne, har kalmar ta rabu da gona ta tsaya a kan mugunta kaɗai. Bahaushen birni da yake cewa "ƙauyanci" in ya ga rashin wayewa ya san farkon wannan hanya, sai dai Turawa sun bi ta har ƙarshe.

Batun bayi kuwa, sun ajiye su ƙwarai. A tsohon Ingilishi, kafin zuwan Nomawa, wato mutanen Wiliyam na Nomandi, ana ce wa bawa "theow", akwai kuma "thrall" da aka aro daga harshen mutanen Sikandinebiya. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce "wealh", wadda take nufin baƙo, musamman ɗan asalin tsibirin Birtaniya da Anglo-Sakson, kakannin Ingilishi, suka tarar, sannan a wasu yankuna ta zama ma'anarta bawa, domin daga cikin waɗannan mutane ake samun bayi da yawa. Daga wannan kalma sunan ƙasar Wales ya fito. Kundin 1086 ya nuna kusan ɗaya cikin goma na mutanen da aka ƙidaya bayi ne. Garin Biristol ya yi suna wajen fitar da bayi zuwa Ailan, har wani babban limamin coci mai suna Wulfstan ya riƙa zuwa yana wa'azi a kan haka, kuma a 1102 taron shugabannin coci a Landan ya la'anci sayar da mutane kamar dabbobi. Kalmar "slave" da kowa ya sani yau ba ta bayyana a Ingilishi ba sai wajen 1300, lokacin da bautar irin wannan ta riga ta gushe daga ƙasar. Ita ma sunan al'umma ce, wato Silabawan gabashin Turai da aka yi ta kamawa ana sayarwa, waɗanda Larabawa suka kira Saƙaliba.

Ya kamata ki bambanta bawa da "villein". Bawa ana iya kai shi kasuwa shi kaɗai, shi kuwa "villein" yana da gida da iyali da gonar da 'ya'yansa kan gada, in an sayar da gandu yakan bi gandun ne. Takardun Latin suna kiransa "nativus", wato wanda aka haifa cikin wannan hali, abin da zai tuna wa Bahaushe bacucane, ko da yake shari'ar da ta shafi su biyun ba ɗaya ba ce.

Ba kalmar "villain" ce kaɗai ta zube ba. "Ceorl" ɗa ne mai cikakken 'yanci, ko da yake talaka ne, kuma a dokokin Weseks, wata tsohuwar masarauta a Ingila, diyyarsa sule 200 ce, alhali ta basarake sule 1200. Ita ce ta zama "churl", mutum mara ladabi. "Cnafa" yaro ne, ta koma yaron gida, daga nan ta zama "knave", ɗan damfara. "Bonda" magidanci ne mai noma gonarsa, kuma shi ne a ƙarshen kalmar "husband", amma da magidantan ƙauye suka rasa 'yanci, kuma kalmar ta yi kama da wata mai nufin ɗauri, sai aka sami "bondage", wato zaman ƙangi. Wadda ta saɓa wa 'yan uwanta ita ce "cniht". Ita ma yaro ko bara take nufi, daidai da "cnafa", amma da yake wannan baran yana bin sarki ne a kan doki da takobi, sai ta zama "knight", jarumi mai lambar girma. Barori ne su biyun, abin da ya raba su shi ne gidan da kowanne ya yi wa barantaka. Har ma "lord" asalinta "hlaford" ce, mai tsaron burodi, "lady" kuma mai kwaɓa shi, sannan a tsofaffin dokokin Kent ana kiran wanda yake ƙarƙashin maigida "hlafaeta", mai cin burodi, kusan yadda muke cewa ɗan cin arziki.

Annobar da ta auka wa Ingila a 1348 da 1349 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a, hannun aiki ya yi tsada, kuma dokar 1351 da ta nemi daskare lada ba ta hana manoma guduwa inda ake biya da kyau ba. A tawayen 1381, wanda Wat Tyler ya jagoranta, babbar buƙatar talakawa ita ce a soke wannan ƙangi. Sarki Richard na Biyu, yana ɗan shekara 14, ya amince, da aka kashe Tyler kuma ya janye alkawarin. Duk da haka tsarin ya ci gaba da lalacewa da kansa, domin masu gandu sun ga karɓar kuɗin haya ya fi musu sauƙi a kan tilasta aiki.

Kalmar "serf", wadda za ki fi cin karo da ita a littattafan tarihi, daga "servus" ta Latin take, kuma ba ta shiga Ingilishi ba sai ƙarshen ƙarni na 15. Saboda haka in kika ga marubucin yau yana kiran manomin ƙarni na 13 da ita, shi ne ya laƙaba masa, domin a takardun kotun gandu na lokacin "villanus" ko "nativus" za ki tarar.