Tsarki daban, tsauri daban: amsoshin wasiƙunku

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tarihi ne, ina rubutu da Hausa kan Turawan da suka yi ƙaura daga Ingila zuwa Amurka, waɗanda ake kira Puritan. Na kira su "masu tsattsauran ra'ayi". Ya yi?

Amsa: Bai yi ba, ɗana. Wannan "tsattsauran ra'ayi" ya zama ruwan dare a bakin 'yan jarida, duk wanda ya riƙe addininsa da ƙarfi sai a liƙa masa, a huta da tunani. Tsattsaura daga tsauri yake, wato abin da ya ƙi lanƙwasuwa, kamar busasshen ƙirgi. Sunan mutanen nan kuwa daga tsarkakewa ya fito. A shekarun 1560 abokan hamayya suka laƙaba musu shi don gori, saboda suna cewa Cocin Ingila ya rabu da Fafaroma amma bai gama wanke kansa daga al'adun Katolika ba: farar rigar limami, durƙusawa wajen karɓar jibin Ubangiji, zana gicciye a goshin jariri lokacin baftisma, har zoben aure. Don haka rubuta "masu neman tsarkake coci".

Kuma tsarkake na ce, ban ce tsabtace ba. Riga tana iya dawowa daga wurin mai wanki fes, ta sha guga tana ƙamshi, jariri ya ɗiga mata fitsarin da ido ba ya gani. Tsabta tana nan, tsarki ya tafi. Manomi kuma ya taso daga gona da riga duk ƙura, ya yi sallarsa da ita lafiya lau. Kwanan baya na ji mai gabatar da shiri a rediyo yana kiran jama'a su fito "tsarkake" magudanan ruwa, raina ya sosu. Kwata yashe ta ake yi.

Tsaurin kam suna da shi. Hukumar Massachusetts, yankin da suka zauna a Amurka, ta yanke wa Roger Williams hukuncin kora a 1635 saboda saɓanin ra'ayi, Anne Hutchinson ta bi sahu a 1637, a 1659 kuma aka hana bikin Kirsimeti, aka sa tarar sule biyar. Kawo waɗannan a rubutunka da shekarunsu, mai karatu ya yi hukunci, amma kada ka mai da halinsu ya zama sunansu.

Tambaya: Jawabin da limamansu ke yi a coci, wa'azi zan ce ko huɗuba?

Amsa: Wa'azi. Bahaushe in ya ji huɗuba, Juma'a da Idi ke zuwa masa a rai. Wa'azi ya fi faɗi, kuma shi ne ƙashin bayan ibadarsu. Mai wa'azi zai karanta aya, ya ciro koyarwa daga cikinta, ya kafa hujjoji, sannan ya nuna yadda za a yi aiki da ita, ba tare da ƙawata magana ba. Agogon yashi na gefen mumbari, awa guda ko biyu ba abin mamaki ba ne, safe da yamma ranar Lahadi, wasu na zaune da alƙalami suna rubutawa. Gudun kada su rasa limamai masu ilimi ya sa suka kafa kwalejin Harvard a 1636.

Tambaya: Malam, "ƙaddara ta riga fata", fatar jiki ake nufi? Kuma zan iya bayyana aƙidar mutanen nan da ita?

Amsa: Haba 'yata, fatan alheri ake nufi, wato buri. Game da aƙida kuwa, yi hattara. Sun bi koyarwar John Calvin, malamin addinin Kirista, cewa Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira, aikin kirki ba ya sayen tsira, alama ce kawai. Mu muna faɗin karin maganar ne bayan abu ya auku, don zuciya ta kwanta. Su kuwa aƙidar hana su sakat ta yi: mutum ya riƙa bin diddigin zuciyarsa, yana rubuta laifuffukansa a littafi, yana neman shaidar cewa yana cikin zaɓaɓɓu.

Tambaya: "Birni a kan tudu" ko "a kan dutse"?

Amsa: Tudu. John Winthrop, jagoran 'yan Puritan da suka yi ƙaura zuwa Massachusetts, shi ne ya ɗauko maganar daga Linjilar Matiyu 5:14 a 1630, kuma gargaɗi yake yi wa abokan tafiyarsa: idon jama'a na kansu, in suka saɓa alkawarin da suka ɗaukar wa Allah za su zama abin faɗe a duniya.