Tambaya da Amsa: In Ƙarfen Na Nan, Me Ya Kashe Indomin Motata?

TAMBAYA: Salam Malam. Bakanike ya ce wai indomin salansar motata ta mutu, amma kuma masu saye sai bibiyata suke wai akwai ƙarfe mai tsada a ciki. To in ƙarfen na nan me ya mutu kenan? Ko dai wayo ake son yi min? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ai duka biyun gaskiya suka faɗa maka. Abin da bakanikai ke kira indomi, wato catalytic converter da ke cikin salansa, tangaran ne mai ƙananan ramuka, an yi masa shafen filatinam da faladiyam da rodiyam siriri sosai, giram kaɗan ne duka-duka, aikinsu rage gubar hayaƙi kafin ya fita.

To amma a fatar ƙarfen kaɗai ake aikin, atom ɗin da ke can ciki, wato ƙwayar zarrar ƙarfen, ɗan kallo ne. Kuma fatar ma ba ɗaya ba ce, a ido sumul take amma akwai fili shimfiɗaɗɗe akwai matakalai akwai kusurwoyi, atom ɗin da ke bakin matakala maƙwabtansa kaɗan ne shi ya sa ya fi saurin cafke iskar gas ya tsinka ta. A 1982 su Gabor Somorjai a jami'ar Berkeley ta Amurka suka gwada haɗa amoniya, wadda ake takin zamani da ita, a kan baƙin ƙarfe iri ɗaya sak, yankan fuskar ne kawai ya bambanta, wata fuskar ta ninka wata sama da sau 400. Gwajin da ya fi burge ni na Denmak ne a 1999, ɗan zinare kaɗan suka zuba a kan wani ƙarfe mai suna ruteniyam ya je ya toshe matakalan, tsinka naitirojin, iskar da sai an tsinka ta ake haɗa amoniya, ya kusa tsayawa cak alhali filin na nan a buɗe. Sai dai fa kar kamun ya yi yawa, fatar da ta riƙe gas ta ƙi saki ita ma ba ta da amfani.

Yanzu dawo kan motarka. In fulogi na fashi, ɗanyen fetur sai ya gangara ya ƙone a cikin salansa, zafi ya yi yawa, ƙwayoyin filatinam ɗin da aka baza su dunƙule wuri ɗaya, kamar hatsin shanya ne aka tattara a buhu, yana nan amma rana ba ta samunsa. In kuma injin na shan baƙin mai, fosfaras ɗin cikinsa ke lulluɓe fatar. Shi mai saye ina ruwansa da fata, narkarwa za a yi, nauyi yake nema.

Kafin ka sa sabuwa a duba fulogi da shan man nan tukuna, in ba haka ba ita ma haka za ta bi.