Yadda za ki haɗa wa yara gidan wasa na kwali a lokacin hutu

Tambaya: Malama, barka da aiki. Yarana biyu ne, mace 'yar shekara biyar da ƙaninta mai shekara biyu da 'yan watanni. Hutu ya ƙarato, ina so in haɗa musu ɗan gidan wasa da hannuna, har da 'yan tsana da motoci, maimakon in sayo na roba da ba ya kwana biyu. Da me zan fara, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Barka kadai, Maman yara. Tun kafin ki ɗauki almakashi, ki sa a ranki cewa ƙaramin ne ma'auninki. Duk abin da ya shiga gidan nan, ko da don yayar aka yi shi, sai ya bi ta hannun ƙanin, kuma yaro ɗan shekara biyu abin da ya shiga hannunsa bakinsa zai nufa.

Masu duba ingancin kayan wasa a Amurka da Turai suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ba a yarda a sa shi a kayan wasan yaron da bai kai shekara uku ba, domin zai iya toshe masa maƙogwaro. A gida, kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida zai yi miki wannan aiki. Ya ɗan fi nasu faɗi, wannan kuwa ƙarin kariya ce. Da kin gwada za ki ga maɓallin riga da duwatsun ado da murfin gorar ruwa duk sun faɗi jarrabawa. Idon 'yar tsana ki ɗinka shi da zare ko ki zana, kada ki manna komai.

Akwai abubuwan da ba na sassauci a kansu. Na farko shi ne ɗan batir ɗin nan mai faɗi irin na agogo, wanda iyaye kan shigo da shi ta hanyar 'yan fitilun ƙawata gidan wasa. Idan ya maƙale a hanyar abinci yana iya ƙona ta cikin awa biyu kacal, kuma sau da yawa yaron ba ya nuna alama da wuri. Ƙananan maganaɗisu ma haka: in ya haɗiye biyu, sai su jawo juna daga sassan hanji daban-daban su huda shi. Balan-balan da ya fashe ko wanda ba a hura ba yana manne wa maƙogwaro, ciro shi wuya gare shi. Igiya ko zaren labule kuma kada ya wuce taƙi ɗaya, don kada ya naɗe wuyan yaro ya shaƙe shi.

Ginin kansa ba wani aiki ba ne. Ki samo babban kwali mai kauri, ki cire duk ƙarafunan da aka ɗinke shi da su, ki yanke ƙofa da taga lokacin da yaran ba sa kusa, sannan ki bi bakin yankan da salatif don kada ya karce su. Ki bar sama ko gefe ɗaya a buɗe, iska ta shiga, idonki ma ya kai ciki. Tsohuwar safa da aka cusa wa ƙyallaye ta zama 'yar tsana, a dai yi mata ɗinki biyu. Kwalin takalmi mota ce, ko gado. In za ki sa guntayen katako, a goge su har sartse ya fita, kuma ki guji tsohon katako mai fenti, domin tsofaffin fenti da yawa akwai dalma a cikinsu, ita kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Amurka sai a 1978 ta hana irin wannan fenti a gidaje da kayan wasa. Fentin ruwa na yara ya wadatar.

Inda iyaye suka fi yin kuskure, a ganina, shi ne kammala aikin. Uwa ta kwana tana ƙawata gida, ta manne kujera a nan, gado a can, gari ya waye yara su kalla su yi murna, kafin azahar sun watsar. Ba abin da ya rage musu su yi. A 1971 wani Bature ɗan Ingila, Simon Nicholson, ya yi rubutu a kan haka, inda ya nuna cewa yawan abubuwan da yaro zai iya ɗagawa ya sauya musu wuri shi ke ƙara masa ƙirƙira. Ba banza ba a 2005 gidan tarihin kayan wasa da ke Rochester a jihar New York ya sa kwali, kwali zalla, cikin jerin fitattun kayan wasa. Don haka ki bar bango fari, ki ba 'yarki kalar zane ta yi abin da ta ga dama, kuma kada ki manne komai a ƙasa. Yau gida ne, gobe ta ce asibiti ne ko kanti, kada ki gyara mata.

Kada kuma ki sa rai za su yi wasa ɗaya. Ɗan shekara biyu a gefen yayarsa yake wasa, ba da ita ba. Abin da ke burge shi shi ne ya buɗe ƙofa ya rufe, ya cika kwali ya zubar. Ita kuwa labari take shiryawa, shi yana rushe mata. Ƙofa biyu da mota biyu suna rage kuka sosai. Ƙananan kayanta da ba su tsallake gwajin bututu ba ki zuba su a akwati mai murfi a ajiye sama, ta ɗauko in ya yi barci, a ƙirga su kafin a mayar.

Kowace yamma ki ja hannuwan 'yan tsana da ƙarfi ki ga ko ɗinki ya saki. Kwalin da ya jiƙa kuma ba ya komawa daidai, fumfuna yake yi, sai a canza shi da wani.