Waɗanne littattafai suka dace da yaron da ba ya iya karanta rubutun takarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'ya mai shekara 8, ƙyanda ta taɓa mata ido tun tana goye, yanzu ko haske da ƙyar take bambancewa. Tana da son labari ƙwarai, in yayyenta suna karatu sai ta matso ta ce a ɗaga murya. Akwai kuma ɗan yayata da nake riƙo, shekararsa 13, idonsa garau, amma in aka ba shi littafi sai ya yi ta in'ina yana juya haruffa, har an fara ce masa daƙiƙi a makaranta. Don Allah waɗanne littattafai suka dace da su, kuma a ina ake samu? Wata uwa daga Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri kan riƙon zumunci, ya raya mana su.

Lalurar yaran nan biyu daban-daban ce, amma a wurinmu malaman ilimi na musamman ajinsu ɗaya, wato waɗanda rubutun da aka buga a takarda ba ya yi musu amfani yadda yake. Akwai makaho a ciki, akwai mai raunin gani kamar yawancin zabiya, akwai mai disileksiya (lalurar wahalar karatu ko da ido lafiya lau), akwai kuma yaron da hannunsa ba ya iya riƙe littafi ko buɗe shafi. Shawarata gare ki kan dukkansu ita ce kada ki fita neman wasu littattafai na daban da aka keɓe wa nakasassu. Littafin da yayyenta suke karantawa shi ne nata. Abin da za a sauya kawai hanyar da zai isa gare ta, ko ta yatsa, ko ta kunne, ko ta manyan haruffa.

Bari mu fara da yarinyar, domin nata ya fi gaggawa. Shekara 8 lokaci ne da ya kamata a ce yatsunta sun riga sun san rubutun makafi. Louis Braille, wanda rubutun ya ci sunansa, ɗan Faransa ne da aka haifa a 1809, ya ji rauni a ido a shagon mahaifinsa baduku yana ɗan shekara 3, kuma yana da shekara 15 ya tsara rubutun nan. Ɗigo shida ne kacal a gida ɗaya, uku a hagu uku a dama, daga cikinsu ake fitar da siffa 63. Da su ake rubuta Turanci da Larabci da lissafi, kuma Hausa ma tana da nata tsarin, har da ɓ da ɗ da ƙ. Akwai Alƙur'ani cikakke da wannan rubutu, sai dai yana zuwa ne a manyan littattafai da yawa, don shafi ɗaya na bugu yakan ci shafi biyu ko uku na Braille.

Na tsaya a kan wannan ne saboda kuskuren da iyaye da yawa suke yi yanzu da waya ta yawaita. Sai a ce ai tana saurare, ta haddace labarin tsaf, me kuma za a yi da ɗigo? Sauraro yana cika kai da labari da kalmomi, amma ba ya koya wa yaro yadda ake harhaɗa baƙi da wasali, ko inda aya take, ko inda sakin layi ya fara. Yarinyar da ta tashi da kunne kaɗai za ta yi magana kamar babba, ranar da aka ce ta rubuta wasiƙa kuwa sai ta tsaya cak. Saboda haka ki haɗa mata biyun. Ki nemi makarantar da ake koyar da rubutun: akwai ta Tudun Maliki a Kano, akwai makarantar ilimi na musamman ta jihar Kaduna, akwai ta Gindiri a Filato wadda aka buɗe tun 1953, ita ce ta farko a ƙasar nan. Ki tambayi ma'aikatar ilimi ta jiharku wadda ta fi kusa da ku. Kayan farawa ba su da yawa, allon rubutun da tsinkensa da takarda mai kauri.

Kafin yatsunta su nuna, ga abin da za ki karanta mata. Ki fara da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida ne, labaran gajeru, da waƙoƙi a tsakiyarsu da za ta riƙa amsa miki. Daga nan ki shiga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930. Ban san littafin Hausa da ya kai shi daɗi a kunne ba, kuma dalili a fili yake: a cikin littafi na ɗaya aku ne ke ba ɗan sarki Musa labari da baki don ya ɗauke masa hankali kada ya fita, saboda haka jimlolin an gina su ne don a ji su. Ruwan Bagaja ki jinkirta shi kaɗan har ta ƙara girma, domin wayon Alhaji Imam da Malam Zurƙe sai mai ɗan hankali yake kama shi. A intanet kuma akwai African Storybook da Bloom Library, duka kyauta ne, duka suna da ƙananan littattafan Hausa da aka jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Wasu daga cikin na Bloom suna da murya a ciki.

Littattafan yara ƙanana rabin labarinsu a hoto yake, ita kuwa hoton bai isa gare ta ba. Ki mayar mata da shi abin taɓawa. In tatsuniyar ta ƙunshi ƙwarya da tsintsiya da gero, ki tara su a kwando kafin ki fara, duk wanda aka ambata ki sa mata a hannu. Ki sami kwali ki yanka shafi-shafi, ki liƙa yashi a inda labari ya kai bakin rafi, ki liƙa auduga a inda aka ce tunkiya, ki liƙa guntun fata a inda aka ce jaka, ki huda gefe ki ɗaure da zare. Wannan littafinta ne, ta buɗe da kanta, ta san gabansa da bayansa, ta saba bin shafi daga hagu zuwa dama. Kada ki wahalar da kanki da zana akuya da zare mai tudu. Zanen akuya daga gefe dabarar masu ido ce, yaron da bai taɓa gani ba ba zai gane shi da akuyar da ya saba shafawa ba. Guntun fata mai gashi ya fi gaya masa gaskiya.

Littattafan Hausa da aka mayar rubutun makafi ko murya saboda yara ba su da yawa, kuma matsalar ta duniya ce baki ɗaya. Ƙungiyar makafi ta duniya ta daɗe tana cewa abin da makaho ke iya karantawa bai kai kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ba. Wannan ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Marrakesh a Maroko a 2013, wadda ta buɗe hanyar mayar da littafi yadda mai lalura zai iya karantawa ba tare da an jira izinin mai haƙƙin mallaka ba. Nijeriya ta amince da ita a 2017, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shigar da tanadin. Amfanin wannan gare ki shi ne ki sayi littafin, ki karanta shi a waya, ki ɗauki muryarki saboda 'yarki. Amma don ita aka yi sassaucin. Kada a watsa shi a zaurukan WhatsApp, kada a sayar, domin marubucin ma yana da haƙƙi.

In za ki ɗauka, ki bari sai bayan isha'i da gida ya yi tsit. Ki ɗora wayar a kan matashi don kada ta kwashi ƙarar hannu, ki rufe fanka. Kowane labari ki yi masa fayil nasa, ki fara da faɗin sunan littafin da sunan labarin da lambar shafi. In kin iso hoto ki ce "a nan akwai hoto", ki faɗi abin da ke ciki a jimla ɗaya ko biyu. In kin ci karo da baƙon suna ki faɗe shi, sannan ki jero haruffansa. Ki zuba su a memori ki sa mata a ƙaramin rediyo mai maɓalli, wanda za ta iya sarrafawa da kanta ba sai ta jira wayar kowa ba. Ki raba aikin da yayyenta da babanta, kowa ya ɗauki labari. Na fi son wannan a kan barin waya ta karanta mata, domin TalkBack da VoiceOver, manhajojin waya masu karanta rubutu da murya, suna da amfani ƙwarai a Turanci, amma in muryar Turanci ta shiga rubutun Hausa murɗe shi take yi har ma'ana ta ɓace. Sannan ki yi hattara da littattafan Hausa da ake karantawa a YouTube, da yawansu labaran soyayya da zaman aure ne na manya, ki saurara kafin ki ba ta.

Na Turanci sun fi samuwa. Bookshare ɗakin karatu ne na intanet daga Amurka mai littafi fiye da miliyan ɗaya, ana shiga da shaidar likita ko ta malamin da ya san lalurar, kuma littafi ɗaya ana iya saukar da shi a murya, ko da manyan haruffa, ko a fayil na Braille. Yarinyar ta cancanta, shi ma yaron zai cancanta in an tabbatar da lalurarsa. A Legas akwai cibiyar Nigerwives da ke buga littattafan makaranta da rubutun makafi, reshen ƙungiyar makafi ta Nijeriya na jiharku kuma zai nuna miki wanda ke da injin bugawa kusa da ku.

Sai yaron. Ki fara kai shi a auna idonsa da kunnensa, don wani lokaci tabarau ne kawai maganin. In an ce lafiya lau, kuma kin lura in an karanta masa yana ganewa har ya ba da amsa daidai, to alamu sun karkata ga disileksiya. Lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa harafi da sautinsa, ba ta da alaƙa da ƙarancin basira ko lalaci, kuma bulala ba ta taɓa gyara ta ba. Ki je makarantar da kanki ki yi magana da malamin ajinsu kan kalmar nan ta daƙiƙi, domin yaron da ya yarda da ita ya daina gwadawa ke nan.

Ki sa ya fara da Hausa. Rubutunmu yadda aka rubuta haka ake faɗa, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya ke da sauti iri-iri, don haka zai fi saurin ganin ci gabansa. Inda zai sha wuya shi ne b da d da ɓ da ɗ, huɗu masu kama da juna, a ware musu lokaci na musamman. Abin da zan roƙe ki shi ne kada ki ba shi littafin 'yan aji ɗaya a gaban ƙannensa. Shekararsa 13, hankalinsa na ɗan 13 ne, labarin da zai riƙe shi sai mai faɗa da tafiya da haɗari. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya dace da shi sosai, haka Ganɗoki na Bello Kagara, haka Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Ya riƙa jin muryar yana bin layin da yatsa a littafin, ko ya ɗora rula a ƙarƙashin layin da yake kai. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. In za a buga masa wani abu a shagon kwamfuta, a ce a sa harafi mai girman 14, irin Arial, a buɗa tsakanin layuka, a buga a takarda mai ruwan madara in akwai.

A Turanci ya fara da Chike and the River na Chinua Achebe, gajere ne kuma jimlolinsa miƙaƙƙu. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi a ƙasarmu labarin yake gudana, sunaye da garuruwa duk ya san su, wannan kuwa yana rage nauyin karatu. Akwai The Boy Who Harnessed the Wind, labarin gaskiya na William Kamkwamba ɗan Malawi da yunwa ta fitar da shi daga makaranta, ya ƙera injin iska mai ba da wuta yana ɗan shekara 14 daga abin da ya gani a littafin ɗakin karatu. Ki nemi bugun da aka sauƙaƙa don matasa. Jerin Percy Jackson na Rick Riordan jaruminsa da kansa yana da disileksiya, marubucin ya fara labarin ne saboda ɗansa mai lalurar, kuma yara da yawa da suka tsani karatu ta nan suka shigo. Sai dai an gina shi a kan tatsuniyoyin gumakan Girka, ki san da haka ki yanke hukunci da kanki.

Akwai abin da nake so ki sa wa ido a duk littafin da za ki karanta wa yarinyar, wato yadda ake nuna makaho. A labaranmu da yawa ko dai yana bara, ko ana yi masa dariya, kuma tana ji. Ba na ce ki tsallake ba, amma ki tsaya ku tattauna, sannan ki kawo mata kishiyarsa. Ki ba ta labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, ladanin Manzon Allah, wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa. Ki karanta mata baitocin Imfiraji, ki gaya mata cewa Aliyu Namangi na Zariya da ya tsara su makaho ne tun yana ƙarami, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. In ta kai budurwa akwai Al-Ayyam na Taha Hussein, makahon yaro daga ƙauyen Masar da ya zama ministan ilimi na ƙasarsa a 1950, yana ba da labarin yarintarsa; ana samunsa da Larabci da Turanci.

In ta shiga makaranta, ki riƙa karɓar sunayen littattafan zango mai zuwa tun kafin a ba da hutu. Mayar da littafi ɗaya rubutun makafi ko ɗaukarsa a murya yana cin makonni, in kuwa aka bari sai an koma, 'yan ajinta za su kai tsakiyar littafin ita ba ta taɓa shafin farko ba. Haka shi ma yaron, ya saurari littafin adabin ajinsu a lokacin hutu, ya shiga aji ya riga ya san labarin.