Firinta ɗaya, kwamfuta uku a gida: in sayi sabuwa ne ko akwai dabara?

Tambaya: Salam malam. Ni laftof ɗina Windows 11 ce, uwargida MacBook take amfani da ita, yaronmu kuma ya saka Ubuntu, wani nau'in Linux, a tsohuwar destof. Firintar tamu ta USB ce, a jikin laftof ɗina take, duk mai son firintin sai ya turo min ta WhatsApp. In sayi sabuwa ne ko akwai dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Dabara akwai, amma fara juya bayan firintar ka duba, mutane da yawa suna da mai Wi-Fi ko mai ramin wayar netwok ba su sani ba tunda ranar farko da USB aka jona musu. In tana da shi ka haɗa ta da rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, kai tsaye, magana ta ƙare.

In kuwa USB ce zalla, Windows tana iya raba ta ga sauran, sai dai gaskiya ban cika ba da wannan shawarar ba, don sai laftof ɗinka tana kunne kuma tana gida sannan kowa zai iya firintin, ga Mac da Ubuntu kowacce sai an nemo mata direba, wato manhajar da kwamfuta ke magana da firinta da ita. Tunda akwai destof da ba ta zuwa ko'ina, ita ta fi dacewa a jona firintar a jikinta. Ubuntu tana zuwa da wata manhaja mai suna CUPS mai kula da firinta, ita ce ma dai a cikin Mac, Apple ya saye ta tun 2007. Yaron ya buɗe burauza ya rubuta localhost:631, ya ƙara firintar, ya kunna rabawa, sauran za su gan ta a netwok. Sharaɗin kawai firintar ta samu direba a Linux, don akwai ƙananan firintoci masu arha da kwamfuta ce ke yi musu duk aikin, irin waɗannan wani lokacin Windows kaɗai suka sani.

To in saye za ka yi, don Allah kar ka tsaya kan rubutun Wi-Fi kawai a jikin kwali. Nemi AirPrint da Mopria, ko IPP Everywhere. Dukkansu a kan yare ɗaya aka gina su, wato IPP, kuma firintar da ke jinsa ba ta buƙatar ka saka direba, Mac za ta gan ta, Ubuntu za ta gan ta, Windows ma haka, har iPhone da Android. In tana da ramin waya kuma rawutar na kusa, sa mata waya, ta fi Wi-Fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Sannan ka shiga saitin rawuta ka ware mata lambar IP, wato adireshinta a netwok, guda da ba za ta riƙa canjawa ba, yawancin kukan "jiya tana yi yau ta ɓace" daga nan yake fitowa.

Tambaya: Rawutarmu tana da ramin USB, na jona hadis (hard disk) mai hotunan iyali don kowa ya riƙa buɗewa, amma Windows ta ƙi gani. Wani ya ce in kunna SMB1. In kunna?

Amsa: Hajiya kar ki kunna, ina roƙonki. SMB shi ne yaren da kwamfutoci ke raba folda da shi, SMB1 ɗin nan shi ne na farko, tsoho ne sosai, kuma ta ɓarakarsa cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe da dama har da asibitocin Ingila. Tun ƙarshen wannan shekarar Microsoft ta fara daina saka shi a sababbin Windows 10, ba don mugunta ba. Matsalar ita ce tsofaffin rawutoci da yawa shi kaɗai suka iya. Ki shiga saitin rawutar ki ga ko akwai sabuntawa ko wurin zaɓar SMB2, in babu to rawutar ce ta tsufa da wannan aikin, ki bar ta ta ba da intanet kawai.

Abin da aka yi domin buƙatarki shi ne NAS, ɗan akwati ne da ake saka hadis a ciki a jona da rawuta, Synology da QNAP suna cikin waɗanda aka fi sani. Ko wata tsohuwar kwamfuta a saka mata Linux da Samba, manhajar raba folda ta SMB, ta yi aikin. Amma ki ji wannan da kyau tunda hotunan iyali ne, ko da akwatin yana da hadis biyu masu kwafin juna, in wani ya goge hoto bisa kuskure a duka biyun zai goge, dole ki ajiye wani kwafin daban wanda ba ya jone da shi kullum.

Tambaya: Na raba folda a Windows, Mac ɗina tana ta tambayar suna da lambar sirri, na saka ta ƙi.

Amsa: Ɗan'uwa ina kyautata zaton PIN ɗin da kake buɗe laftof da shi kake sakawa, shi kuwa ba ya aiki ta netwok. Mafi sauƙi ka buɗe wani akawun na cikin kwamfutar kawai, mai sunansa da fasuwodinsa, ka ba shi izini kan foldar nan ita kaɗai. Ka tabbata Windows ta ɗauki netwok ɗin gidan a matsayin Private ba Public ba, kuma duka biyun ba sa kan Wi-Fi na baƙi, don shi da gangan yake hana na'urori ganin juna. A Mac ka buɗe Finder ka danna Command da K, ka rubuta smb:// sai lambar IP ta Windows ɗin.

Tambaya: Hadis na waje zan saya in riƙa yawo da shi tsakanin Windows da Mac da Linux, wane fomat zan yi masa?

Amsa: exFAT. Dukkansu ukun suna karantawa suna rubutawa a kai. NTFS Mac karantawa kawai take yi sai an ƙara mata manhaja, FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce 4GB, bidiyo ɗaya mai tsawo zai tsayar da kai. Kwashe abin da ke ciki tukuna don fomatin yana share komai, kuma ka riƙa cire shi ta hanyar da ta dace kafin ka zare wayar, exFAT ba ya jure fizga ana cikin kwafi.