Amsa: Shin Yuliyus Kaisar ne sarkin daular Rum na farko?

Malam, ka tambaya ko Yuliyus Kaisar ne ya fara sarautar daular Rum. A'a, ba shi ba ne, ko da yake mutane da yawa haka suka ɗauka.

Rumawa sun tsani kalmar "sarki" tun da suka kori Tarkwiniyus, sarkinsu na ƙarshe, a shekarar 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yuliyus ya taka wannan wutsiyar: aka naɗa shi mai cikakken iko har tsawon rayuwa, sai 'yan majalisar dattawa, ciki har da Burutus da Kasiyus, suka soke shi da wuƙaƙe ranar 15 ga Maris, shekarar 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Wanda ya kafa sarautar shi ne Oktabiyan, jikan 'yar'uwar Yuliyus, wanda Yuliyus ya ɗauka ɗa a wasiyyarsa. Ya ci abokin hamayyarsa Antoniyo da Kiliyofatira sarauniyar Masar da yaƙi a Aktiyum, a gaɓar tekun Girka, a shekarar 31, majalisa kuma ta ba shi laƙabin Agustus a 27, duk kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da ke burge ni da shi, bai taɓa kiran kansa sarki ba. "Na farko cikin 'yan ƙasa" yake cewa, alhali soja da baitulmali duk suna hannunsa, har ya rasu a shekarar 14 miladiyya.